Ƙananan Fitilu Biyu a Bayan Firinta

Da aka fara cewa komai ya koma intanet, mun ɗauka takarda ta gama yayinta. A Guri akasin haka muka gani. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, yaron da zai zauna mata sai ya riƙe shaidar rijista a hannu, ya sake buga wadda ke ɗauke da rana da cibiyar da aka tura shi, in sakamako ya fito ya buga, in Allah ya ba shi gurbi ya buga. Daga 2021 aka ce ba rijista sai da lambar ɗan ƙasa, ita ma da tata takardar. Manomin shinkafa mai neman taki, matar da aka rubuta sunanta cikin masu karɓar tallafi bayan ambaliya, malamin firamare da za a tantance, kowa da 'yar takardarsa a naɗe cikin leda. A da akawu ke rubuta maka ita a gabanka. Yanzu daga nesa take tahowa, sai ta sami na'urar da za ta sauke ta. Ranar da na'urar ta ƙi, wanda ya yi sammako daga Kadira ko Abunabo ko Musari ya yi asarar kuɗin babur da yini guda.

Lalacewar firinta iri-iri ce, amma wadda ta fi ƙona rai ita ce wadda ba a gani. Na'ura ta kunnu, ga takarda a ciki, garin tawada bai ƙare ba, amma ka tura mata aiki daga kwamfuta ka ji shiru. Sai ma'aikaci ya leƙo ya ce wa masu jira, "Ku yi haƙuri, babu netwok." Kowa ya ɗora laifin a kan dogon ƙarfen kamfanin waya, alhali sau da yawa ƙarfen bai san hawa ba bai san sauka ba. Matsalar tana nan cikin ɗakin, a wani ɗan sashe na bayan firintar da tafin hannu zai rufe.

Waɗanda suka yi aikin ofis a masarautar Haɗejiya kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, da ma shekarun da suka biyo baya, sun san tafireta da takardar kabon da injin gurza takardu. In abu ya lalace, ido na ganinsa. Harafi ya maƙale, a ɗiga masa kananzir. Ƙaramin ƙarfe ya karye, a kai wa mai gyaran keken ɗinki ya ƙera wani. Ban ce wancan zamanin ya fi ba, don kuskuren harafi ɗaya kan sa a sake shafi guda, takardar da ke Dutse kuma sai mutum ya bi mota. Amma gyara yana hannunmu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga garin da ke can gefen jiha, daf da iyakar Yobe, wanda in kogi ya cika wasu ƙauyukansa sai da kwalekwale.

Kwamfuta ta shigo Jigawa da wuri. Gwamnatin Saminu Turaki, wadda ta hau a 1999, ta ɗauki harkar da zafi: aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure a 2001, shekarar da wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya. Firintar farko da muka sani ta kwamfuta ɗaya ce tak, an haɗa su da wata waya mai kauri, duk mai son bugu sai ya kwaso aikinsa a faifai ko filas ya kawo. Ɗora firinta a kan layin sadarwa, yadda kwamfuta biyar ko goma za su riƙa tura mata aiki, ya iso mana a makare, ko da yake a duniya tsohon abu ne. Shi kansa layin da ake kira Ethernet, wanda Robert Metcalfe ya tsara a 1973 a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka, ɗaya daga cikin dalilan ƙirƙirarsa shi ne kwamfutoci da yawa su yi tarayya a kan sabuwar firintar lesa da Gary Starkweather ya ƙera a can. A 1991 kamfanin HP ya fito da katin JetDirect, wanda ake zurawa a bayan firinta ta hau layi da kanta. Irin waɗannan manyan na'urori, bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, su ne suka sauka Legas a kwantena, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja zuwa titin Beirut a Kano, daga nan suka iso mana.

In ka juya bayan irin wannan firinta za ka ga wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu, da siraran haƙora takwas masu ruwan zinariya a ciki, da ƙananan fitilu biyu a gefe. Ɗaya, yawanci koriya, ita ke shaida cewa an gaisa da na'urar da ke ɗaya ƙarshen wayar. Ɗayar tana ƙyaftawa duk sanda saƙo ya wuce. Bayan haƙoran akwai ƙananan naɗe-naɗen waya, 'yar taransifoma ce, aikinta ta bar saƙo ya wuce ta tare wuta, kuma ƙa'idar da aka gindaya mata ita ce ta jure bolt 1500. Daga nan sai ɗan baƙin guntun da masu gyara ke kira ayisi, mai mayar da motsin wutar zuwa lissafin da na'ura ke fahimta, da ɗan ƙarfen da ke riƙe masa lokaci, mai bugawa sau miliyan 25 a sakan. Sai ma'ajiyar da aka rubuta wa firintar lambarta ta asali, mai gurbi 12. Duk waɗannan wuta kaɗan suke ci, bolt 3.3 ko ƙasa da haka, shi ya sa ƙari kaɗan ke kashe su.

A wata damina na ga yadda ake bin sawun irin wannan matsala tun daga farko har ƙarshe. Ofis ne mai gini biyu, an ja shuɗiyar waya daga ƙarƙashin wannan kwano zuwa wancan, tana reto a sarari. Da daddare aka yi hadari mai tsawa, gari ya waye firinta ta daina amsawa, ga mutane a baranda. Shugaban ofishin har ya sa an nemo kwali da igiya don a ɗora ta a motar Haɗejiya, in can ta gagara a wuce da ita Kano, sai masinja ya ce akwai wani yaro mai gyaran waya a bakin kasuwa, ko a gwada shi.

Yaron ya zo da 'yar jaka a kafaɗa, ya rusuna ya gaida manya. Bai ciro sukuddireba ba, tambaya ya fara.

"Ranka ya daɗe, jiya da aka tashi tana aiki?"

"Lafiya lau. Bayan la'asar ma an buga takarda."

"Da hadarin ya taso an cire wuta?"

"An kashe komai, har soket aka zare."

"Wannan shuɗiyar wayar fa?"

Shugaban ya dubi masinja, masinja ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa ita ma ana zare ta.

Yaron ya danna maɓallan jikin firintar ya sa ta buga shafin bayanin kanta. Takarda ta fito tas, da ɗuminta. Wannan shafi ɗaya ya wanke abubuwa da yawa daga zargi: injin jan takarda, garin tawada, sashen gasa rubutu, da babban fanel ɗin da ke sarrafa su, duk da ransu. Ya bi shafin da yatsa har inda aka rubuta bayanin sadarwa. Lambar asali tana nan cif, amma adireshin da ya kamata rauta, wato na'urar da ke raba adireshi a layi, ta ba ta sifili ne a jere. Ya leƙa baya, fitilun biyu a mace. Ya zare shuɗiyar wayar ya soka a kwamfutarsa ta hannu, nan ma shiru. A nan ne mai gaggawa zai ce waya ce, a sayo wata. Shi kuwa ya tsallaka ɗaya ginin, inda akwatin rarraba layi yake, ya cire wayar daga kafar da take ya mayar ta kusa da ita. Da ya dawo, kwamfutarsa ta kama. Ashe wayar ƙalau take, kafa ɗaya ce ta akwatin ta mutu. Mutanen baranda har sun fara hamdala. Ya mayar da wayar jikin firinta, fitilun suka ƙi tashi. Ya ciro wata gajeriyar waya daga jakarsa, wadda ya tabbatar da lafiyarta, ya haɗa firintar da kwamfutarsa kai tsaye. Har yanzu duhu.

"Ranka ya daɗe, abu biyu ne suka mutu, ba ɗaya ba," in ji shi. "Ta wayar nan ta shigo, ta ci nan ta ci can."

Sai a lokacin ya kwance murfin gefe. Kafin ido ya ga komai hanci ya ji ƙauri. Ya ɗora tsinken mita a kan haƙori na 1 da na 2, ta yi ƙara, alamar naɗin da ke tsakaninsu bai tsinke ba. Ya koma na 3 da na 6, ta yi tsit. A layi mai gudun megabit 100 a sakan waɗannan haƙora huɗu kaɗai ke aiki, biyu na aikawa biyu na karɓa. Firintar tana iya magana, amma ta kurmance. Bai yi alƙawarin abin da bai sani ba. Ya ce in naɗin kaɗai ya tsinke, zai ciro irin kafar daga jikin wani mataccen fanel ya dasa. In kuwa wutar ta zarce ta taɓa ayisi, sai an dasa za a gane, kuma a nan ƙarfinsa ya ƙare. Kafin nan ya nemi wayar USB ya haɗa firintar da kwamfutar da ta fi kusa, ya buɗe wa sauran hanya su riƙa turo aikinsu ta cikinta. Ba a kira azahar ba sai da baranda ta watse. Daga baya ya samo kafar a Haɗejiya ya dasa, Allah ya taimaka koriyar fitila ta kama.

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar nan ya san wannan tsari, ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. In ruwa bai iso fangali ba, ba a farawa da kwance injin ban-ruwa; sai a bi magudana da ƙafa tun daga gona har bakin kogi, a ga ko kacala ce ta toshe ko wani wuri ne ya fashe. Yaron ya sauya abu ɗaya ya duba kafin ya taɓa na biyu, kuma bai tsaya a kan laifin farko da ya kama ba. A Kano mutum na iya yin sakaci da wannan haƙurin, tunda mai sayar da fanel yana tsallaken titi, in ka sayi wanda ba shi ba ka mayar. A Guri duk zaton da bai faɗa daidai ba kuɗin mota ne, da kwanakin jira, da na'ura mai nauyi tana shan jijjigar hanya har wani abin da ke lafiya ya saki.

Shafin bayanin nan yana faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya iya karanta shi, kuma abin takaici ne yadda ma'aikata ke shekara da shekaru da firinta ba su san tana buga shi ba. In adireshin ya fara da 169.254, firintar ta yi sallama ne babu wanda ya amsa, sai ta laƙaba wa kanta lamba. A fara duba rauta. In lambar asali ta koma sifili zalla ko harafin F zalla, ma'ajiyarta ta taɓu. In sashen sadarwa ya ɓace ɗungurungum daga shafin, babban fanel ya daina ganin katin, ko dai ya sassauta a mazauninsa ko ya mutu. In kuma aka rage mata gudu daga 100 zuwa 10 sai ta kama, akwai rauni a waya ko a kanta, ko an ja ta ta wuce mita 100 da aka yi mata iyaka.

Da na ƙara lura, sai na ga lalacewar tana bin lokutan shekara. Damina ta tsawa ce. Mutane na zaton sai aradu ta faɗo a kan gini take ɓarna, alhali ko a nesa ta sauka, doguwar wayar da ke sarari tana ɗaukar wani kaso na ƙarfinta. Cikin ƙiftawar ido kuma wutar da ke ƙasan wannan gini na iya bambanta da ta wancan da dubban bolt, ga shi wayar sadarwa ce kaɗai ta haɗa su. Kariyar bolt 1500 ba ta tsayawa gaban wannan. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsu sai jigayi nan da can, rufin kwano da dogon ƙarfe su ne a sama. Rigakafin ba shi da tsada: a kafa sandar jan ƙarfe mai kyau a ƙasa, a daina rataye waya tsakanin gini da gini, in hadari ya haɗo a zare ta tare da soket.

Sai ruwan kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya bai koma yadda kakanninmu suka san shi ba. Kacala ta sami wurin zama ta cike hanyoyin ruwa, in ya yi yawa sai ya bi ta inda ya ga dama. A 2020 da 2022 mun ga abin da ya yi wa gonaki da gidaje a wannan yanki. Na'urar da ruwa ya shanye tata ta ƙare, amma wadda aka ɗora a kan tebur ma ba ta tsira duka ba. Makonnin da ɗaki ke yi cikin danshi suna barin koren tsatsa a kan haƙoran nan takwas. Waya mai araha, wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, ita ke fara ruɓewa, ta karye a cikin rigarta inda ido ba ya gani. Sai kaka ta yi, an manta da ruwa, firinta ta fara kamawa tana saki, a rasa dalili.

Hunturu na kawo ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Zanzaro ba ya ganin rami ya ƙyale. Na ga kafar sadarwa da ya cike da laka tsaf, ana ta zargin sabis. Ɓera na cin waya a silin. Amma ta bazara ta fi wuyar ganewa. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka, ga sashen gasa rubutu da ke kusantar digiri 200 a cikin na'urar. Manyan ayisi a kan ɗaruruwan ƙananan ɗigon liƙi suke zaune. Kullum su yi zafi su buɗe, su huce su tsuke, har wani ɗigon ya tsage. Da safe firinta na aiki, rana na take tsaka ta ɓace daga layi, a kashe ta ta huce ta dawo. Tun daga Yulin 2006, da Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki saboda gubarta, aka koma liƙi da kuza mai ɗan azurfa da jan ƙarfe, mai narkewa a wajen digiri 217 maimakon 183 na da. Dokar tana da hujja. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba za mu yi musu ba. Amma na'urorin da aka ƙera a farkon sauyin sun yi suna wajen tsagewar liƙi, kuma da yawansu a hannunmu suka ƙare. Wasu masu gyara kan busa wa ayisin iska mai zafi har liƙin ya sake kamawa. Tana tashi, amma sau da yawa na 'yan makonni ne. Ba na ganin laifin mai yin haka in ya gaya wa mai kaya gaskiya; laifin yana ga wanda zai karɓi kuɗin cikakken gyara a kan aikin da ya san ba zai ɗore ba.

Akwai kuma wadda ba lalacewa ba ce sam. Firintar lesa in za ta fara bugu tana zuƙar wuta mai yawa lokaci guda, takan kusanci wat 1000. In ƙaramin janareta ne ke ɗauke da ita za ka ji muryarsa ta sauya, ƙwan ɗaki ya dushe, a ɗan lokacin nan sashen sadarwa ko rauta ya mutu ya farfaɗo, aikin da aka turo ya bi iska. An sha sauya fanel mai lafiya a kan wannan.

Abin da ya fi damuna in na waiwaya shi ne yadda ƙira ta riƙa janye gyara daga hannunmu a hankali. Tsofaffin manyan firintocin nan, duk da nauyinsu da cin wutarsu, katin sadarwarsu daban yake: noti biyu za ka kwance ka zaro shi, ka aiki direba ya sayo wani a Kano ya saka a aljihu, ka zura. Waɗanda suka biyo baya an haɗe komai a fanel guda. Ɗan naɗin waya in ya tsinke, abin da littafin kamfani ya tanada shi ne a sauya fanel ɗin gaba ɗaya, wanda kuɗinsa kan kusanci na wata firintar ta hannu. Wanda ya zana wannan ƙira yana zaune ne inda wuta ba ta rawa, inda ladan mai gyara kan fi kuɗin sabuwar na'ura. Bai zana ta da Guri a ransa ba, mu ne kuma ke biyan bambancin.

Sauƙin ya zo mana ta inda ba mu zata ba, wato wayar hannu. Saboda ita ne matasa suka koyi riƙe injin iska mai zafi da mita a kasuwar Farm Centre da titin Beirut, suka dawo Haɗejiya da Malam Madori da Nguru da garuruwa irin namu suka kafa tebur. Wanda ya saba ciro kafar caji daga jikin waya, kafar firinta ba za ta gagare shi ba. Hannu kam ya samu. Abin da bai wadata ba shi ne wancan tsarin tambayar, domin gyaran waya ya fi karkata ga a sauya a gani, kuma ba kowane ubangida ne ke zaunar da yaronsa ya nuna masa dalilin da ya sa ake duba wannan kafin wancan ba.

Yanzu al'amarin ya sake juyawa. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, tayar da janareta don shafi biyar ya zama asara, masu shaguna suka koma sola da batir. Firintar lesa ba ta jituwa da ƙaramar inbata, sai aka karkata ga masu tankin ruwan tawada, waɗanda ko wat 20 ba sa ci, kuma ƙanananunsu ba su da kafar layin sadarwa, sai USB da Wi-Fi. Mai son bugu ya turo takardarsa ta WhatsApp, mai shago ya tura wa firinta daga wayarsa. Shuɗiyar wayar nan mai reto tana ɓacewa, tsawa ta rasa wannan ƙofar, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai fitilun biyu, waɗanda ko masinja zai leƙa ya faɗa wa mai gyara a waya ko suna ci ko ba sa ci, sun tafi tare da ita. Yawancin ƙananan firintocin nan zangon Wi-Fi na 2.4 kaɗai suke ji. In wayar mai shago tana watsa nata a zangon 5, ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma babu abin da ya lalace. Gwajin da ya maye gurbin gajeriyar waya shi ne a sa firintar ta nemo layukan da ke kusa. In ta ga na maƙwabta ba ta ga naka ba, saitinka za ka gyara. In ba ta ga ko ɗaya ba alhali an kunna mata zangon da take ji daf da ita, to ɗan fanel ɗin rediyonta ne, ko siririyar igiyar da ta haɗa shi da babba ta zame. A wasu ƙirar a ware yake, ana iya ciro shi daga wata matacciya.

Matattun kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ofisoshi da yawa a masarautar nan, in aka buɗe maka sito za ka tarar da firintoci a jibge, ƙura ta rufe su, an rubuta su a littafi cikin waɗanda suka lalace. Wannan sashen gasa rubutunta ya ƙone amma fanel ɗinta garau. Waccan tsawa ta ci kafarta amma komai nata na aiki, wayar USB kawai take jira. Ba a yarda a taɓa su ba saboda kayan hukuma ne, ba a kuma gyara su ba saboda babu wanda aka ɗora wa alhakin. Ga Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ɗaliban kimiyya da fasaha da babu abin da zai amfane su kamar na'urar gaske da za su buɗe ba tare da tsoron ɓata ta ba. Da za a ba da izinin kwashe waɗannan firintoci a kai musu, a zaunar da su tare da masu teburin gyara na bakin kasuwa, ɗalibi ya karanta shafin bayani, mai tebur ya dasa kafa, da wasu sun koma bakin aiki a makarantu da ƙananan asibitocin Adiyani da Margadu.